Yaro Mai Malafa da Sarakunan Teku: Abin da 'Ya'yanmu Ke Kallo a Waya, da Abin da Suke Gani a Wurinmu



A zamanmu na ƙarshen watan jiya, bayan an gama maganar kuɗin wata da na gyaran maƙabarta, ɗaya daga cikin iyayenmu ya ɗaga hannu ya kawo kuka. Ya ce jikokinsa sun zama bayin waya, dare da rana suna kallon wani katun na 'yan fashin teku, har ƙaramin cikinsu ya zana ƙoƙon kan mutum sanye da malafa a bangon shago. Ya nemi ƙungiya ta sa a yi sanarwa a masallatai a hana yara kallonsa. Aka yi ta muhawara, daga ƙarshe aka ce sakatare ya je ya duba ya kawo bayani. To, na duba. Abin da zan rubuta a nan ra'ayina ne ni kaɗai, ba matsayar ƙungiya ba, kuma na san ba kowa zai ji daɗinsa ba.

Sunan shirin One Piece. Wani ɗan ƙasar Japan mai suna Eiichiro Oda ne ya fara zana labarin a mujalla a shekarar 1997, kamfanin Toei ya mayar da shi katun na talabijin a 1999, kuma har yau bai ƙare ba. Ya wuce kashi 1,000 tun a 2021, littattafansa kuma an buga sama da miliyan 500 a duniya. A 2023 Netflix ta fitar da wani da mutane na gaske suka taka rawa a ciki. Na kawo waɗannan ne don mu san cewa ba da wani ƙaramin abu muke ja ba. Labarin da ya girmi yawancin samarinmu ba sanarwar bayan sallar Isha'i ce za ta kore shi daga wayoyinsu ba.

Ban kalle shi duka ba, ba ni da wannan lokacin. Na zauna da ɗana mai shekara 17 da ɗan yayata har tsawon mako uku, suna zaɓo mini wuraren da suka ce su ne ƙashin bayan labarin, sauran kuma su cike mini da baki. Ga abin da na fahimta a taƙaice. An kashe wani babban ɗan fashin teku mai suna Roger a bainar jama'a, kafin ya mutu ya ce ya bar dukiyarsa a wani wuri, duk wanda ya samo tasa ce. Sai duniya ta ɗunguma cikin teku. Wani yaro ɗan ƙauye mai suna Luffy, wanda jikinsa ke miƙewa kamar roba, ya fita yana ɗan shekara 17 a cikin ɗan ƙaramin kwalekwale, ba kuɗi, ba mabiya, sai wata malafa da aka ba shi amana. A can ƙarshen tekun kuwa akwai manya huɗu da ake kira sarakunan teku. Kowanne da yankinsa, da tutarsa, da dubban mayaƙansa, kuma ba sa ga maciji da juna.

A kan waɗannan sarakuna nake so mu ɗan tsaya, domin a nan ne na gane abin da ke riƙe yaranmu.

Akwai Kaido. Shi da ƙarfi yake mulki. Ya haɗa kai da wani maci amana suka danne wata ƙasa mai suna Wano har shekara 20. Suka kafa masana'antun ƙera makamai, dagwalon masana'antun ya lalata koguna da gonaki, talakawa suka koma shan gurɓataccen ruwa, su kuma suna cin mai kyau a fada. Duk wanda ya zauna a Fatakwal lokacin da baƙin toka ya riƙa sauka a kan rufinmu da shanyarmu da hancin 'ya'yanmu, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai wata mata da ake kira Big Mom. Ita da 'ya'ya take mulki, tana da su 85, kuma kusan duk wani muƙami a ƙasarta na ɗanta ne ko na 'yarta. Aurar da su take yi don ƙulla ƙawance da masu ƙarfi. Za ka zauna lafiya a ƙasarta, amma duk bayan wata shida sai ka ba da wata guda daga cikin kwanakin rayuwarka a matsayin haraji.

Akwai dattijo Whitebeard, wato Farin Gemu. Shi yaransa ba su kiransa shugaba, Baba suke ce masa, shi ma 'ya'yana yake kiransu. Inda duk ya kafa tutarsa, an bar taɓa mutanen wurin ke nan. Akwai wani tsibiri da masu safarar bayi suka addaba, ya ce daga yau nasa ne, kuma bai karɓi ko sisi a wurinsu ba. Da ya mutu, Big Mom ta karɓi tsibirin, ta ɗora musu tan 10 na alewa duk wata. Kariyar dai ita ce, amma ɗaya kyauta ya ba da ita, ɗaya kuwa sayar da ita ta yi.

Na huɗu shi ne Shanks, mai malafar kafin Luffy. Shi ne ya rasa hannunsa na hagu wajen ceton Luffy daga bakin dodon ruwa tun Luffy yana ƙaramin yaro. Bai ɗauke shi a jirginsa ba, bai mayar da shi ɗan aikensa ba. Ya ɗora masa malafarsa, ya ce ya dawo masa da ita ranar da ya zama babban mutum, ya yi tafiyarsa.

Daga baya aka samu wasu biyu. Blackbeard, wato Baƙin Gemu, ya yi shekaru a ƙarƙashin Farin Gemu yana sunkuyar da kai, ashe jiran dama yake yi. Ya kashe abokin zamansa don ya mallaki wani ƙarfi, ya miƙa wani ɗan gidan ga hukuma, daga ƙarshe da shi aka ƙarasa uban gidan nasa, ya gaje kujerar. Sai Buggy, wanda ba shi da ƙarfi ba shi da jarumta, sai baki da sa'a. Mabiyansa ne suka buga takardar talla suka sa hotonsa ya fi na kowa girma, duniya ta ɗauka shi ne babba, shi ke nan ya zama sarki.

Muna cikin kallo wani dare sai ɗana ya ce, “Baba, in faɗi wata magana ba za ka yi fushi ba?” Na ce faɗi. Ya ce, “Ai duk waɗannan muna da su a zango. Shanks ne kawai ban taɓa gani ba.” Ɗan yayata ya fashe da dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, kuma ban yi fushi ba, don na san inda maganar ta dosa.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba zan kama suna ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Shin ba mu san unguwar da mutum biyu ke amsa sunan sarkin Hausawa a lokaci guda ba, kowanne da takardarsa da 'yan rakiyarsa? Ba mu san kasuwar da ake yanka wa ɗan uwanmu rasit biyu a rana ɗaya ba, saboda shugabancin ya rabu gida biyu? Mai shayi ya biya, mai gyaran takalmi ya biya, mai tura baro ya biya, mai yankan farce ya biya. Amma ranar da aka kwashe su aka kai ofishin 'yan sanda, wayar shugaban a kashe take. Ni da kaina na taɓa kwana a kan benci ina neman belin wasu samari uku da ba su yi komai ba, na kira manya biyu, kowanne ya ce ba yaransa ba ne, na wancan ɓangaren ne. Yaran nan uku suna da rasit ɗin ɓangarorin biyu a aljihunsu.

A gida, in shugabannin unguwa suka yi rigima, akwai hakimi, akwai dangi, akwai gonar da za ka koma. A nan ba haka ba ne. Mu baƙi ne, kuma mun ga abin da ke faruwa in ƙura ta tashi. Waɗanda suke Anacha a watan Fabrairun 2006 ba su manta ba. Na Oyigbo sun ga abin da ya faru a watan Oktoban 2020. Tun watan Agustan 2021 da aka fara zaman gida na ranar Litinin, 'yan uwanmu na Anacha da Inugu suka koyi lissafin mako da kwana ɗaya a rufe. A irin waɗannan ranaku, abin da talakanmu ke buƙata shi ne murya ɗaya da za ta yi magana da gwamnati, da jami'an tsaro, da sarakunan masu masaukinmu, a saurare ta. In muryar ta rabu biyu, kowa sai ya zaɓi wadda ta fi masa sauƙi, ko ya yi watsi da su duka. Wanda ke biyan kuɗin wannan rabuwa ba mai rawani ba ne. Mai tura baro ne.

To yaya shi yaron mai malafa ya kai inda ya kai? Wannan ne ya fi ba ni mamaki, domin na zaci da duka kawai ya hau. Akwai duka kam, ba kaɗan ba. Amma duk inda ya yi faɗa, akwai wanda aka zalunta a wurin. Wata yarinya ta yi shekara takwas tana tara miliyan 100 don ta fanshi ƙauyensu daga hannun wani azzalumi, da ta kusa cikawa aka ƙwace kuɗin. Sai da ta buɗe baki ta nemi taimako, sannan ya ɗora mata malafarsa ya tafi ya rushe gidan azzalumin. Bayan wannan ne hukuma ta fara sa tukuicin miliyan 30 a kansa. A Wano, wata ƙaramar yarinya ta ba shi ɗan abincin da take da shi alhali ita kanta yunwa take ji. Ya yi mata alkawarin kafin ya bar ƙasar sai ta riƙa ƙoshi kullum, kuma a kan wannan alkawarin ya tunkari Kaido. Bayan ya kayar da shi tukuicin ya kai biliyan 3, aka lissafa shi cikin sarakunan teku. A wani wurin mayaƙa 5,600 suka zo za su yi masa mubaya'a ya zama ubangidansu, ya ƙi karɓa. Ya nuna musu cewa in suna cikin matsala su kira shi, in yana ciki zai kira su, ya wadatar.

Ga kuma abin da zan so samarinmu su lura da shi. Bai hau shi kaɗai ba. Bai iya tuƙin jirgi ba, bai iya girki ba, bai san magani ba, ko iyo bai iya ba, kuma ba ya jin kunyar faɗin haka. Ya nemo wanda ya iya kowanne, ya bar masa aikinsa. Sannan da aka kayar da shi mummunan kaye ya rasa ɗan uwansa a gaban idonsa, bai yi gaggawar komawa fage ba. Ya janye shekara biyu cur yana koyo a wurin wani tsoho, mataimakin Roger na da. Ko a cikin katun, da tsohuwar zuma ake magani.

Wani zai ce, Malam Sakatare, ai wannan tatsuniya ce. Gaskiya ne. To bari in kawo wanda ba tatsuniya ba, kuma a nan inda muke ya faru. Malam Umaru Altine mutumin Sifawa ne ta ƙasar Sakkwato. Fataucin shanu ya kawo shi Inugu. Ya zauna da mutanen gari, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dakta Nnamdi Azikiwe, ya shugabanci reshen matasanta na Inugu. A shekarun 1950, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko, a babban birnin Jihar Gabas, kuma da goyon bayan Inyamurai ya hau. Ba gado ya yi ba, ba kuma ƙwace ya yi ba. Ta ɓangaren matasa ya fito, aka ga aikinsa, aka ba shi. Tambayata ita ce: da a ce Umaru Altine saurayi ne a cikin ƙungiyoyinmu na yau, wane muƙami za mu ba shi? Ina tsoron amsar ita ce shimfiɗa tabarma da rabon ruwan leda a wurin taro, har sai ya yi furfura.

Ba ina cewa dattijon da ya kawo kuka bai da hujja ba. Yana da ita, kuma zan jera ta. Shigar da ake zana wa mata a shirin ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Akwai shaye-shayen giya, akwai zubar da jini, akwai camfe-camfe irin nasu da ba su dace da aƙidarmu ba. Bai kamata yaro ɗan shekara bakwai ko takwas ya zauna da shi shi kaɗai ba. Ga cin lokaci: kowane kashi ya haura minti 20, in ka lissafa kashi 1,000 za ka samu sama da awa 330. Yaron da ke shirin jarrabawar WAEC, ko wanda aka bar wa shago, in ya faɗa ciki ba tare da ƙa'ida ba, asara ce. Ga kuɗin data.

Abu mafi muhimmanci shi ne sunan kansa. Mu a Fatakwal ɗan fashin teku ba wasa ba ne. Masu bin jirgin ruwa zuwa Bonny sun san fargabar da ake shiga. Hukumar da ke bibiyar fashin teku ta duniya ta ce a cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya a 2020, guda 130 a mashigin tekun Gini aka sace su, wato a bakin ƙofarmu. Najeriya ta yi dokar yaƙi da fashin teku a 2019, kuma a babbar kotun tarayya ta Fatakwal aka fara yanke hukunci da ita a 2020. Ɗan fashi na gaske ba ya ciyar da marayu, mayar da yara marayu yake yi. Haka kuma 'yan ƙungiyar asiri da ke farautar samari a unguwanni, su ma da zancen 'yan uwantaka da kariya suke zuwa. Dole a zaunar da yaro a bambance masa wannan. Amma wa zai bambance masa in uban bai san me ake kallo ba? Hani ba ya kashe waya, ƙarƙashin bargo kawai yake mayar da ita.

Saboda haka ga shawarwarina, kuma zan gabatar da su a zama mai zuwa.

Na farko, kada a yi sanarwar hani. Kowane uba ya sa wa gidansa ƙa'ida: ba kallo sai an yi sallah, an yi karatun islamiyya da na boko, an rufe shago. Ƙananan yara kuma a nisanta su da shi. Sannan ko sau ɗaya ne, ka zauna ka tambayi ɗanka wa ya fi so a cikin sarakunan nan, kuma me ya sa. Amsarsa za ta gaya maka irin mutumin da yake son zama.

Na biyu, mu gyara tsarin mulkin ƙungiya a ware kujeru a kwamitin zartarwa ga waɗanda ba su kai shekara 35 ba. Ina nufin kujeru masu ƙuri'a da sa hannu, ba na jeka-na-yi-ka ba. Yaranmu da aka haifa a nan suna jin Inyamuranci da Turancin buroka kamar 'yan gari, sun yi makaranta da 'ya'yan masu masaukinmu, sun san lambar wayar juna. A ranar tashin hankali wannan ya fi rawani amfani.

Na uku, duk kuɗin da aka karɓa da sunan jama'a a karanta lissafinsa a gaban jama'a duk wata uku, a kuma liƙa shi a wannan shafi. Ni ne sakatare, da littafina za a fara.

Na huɗu, inda duk ake da shugabanni biyu a kan kujera ɗaya, malamanmu da dattawan da ba su da ɓangare su shiga tsakani tun kafin wata fitinar ta same mu a rabe. A cikin labarin nan, hatta Farin Gemu da ya fi kowa kirki, da ya faɗi ba a daɗe ba aka tarwatsa gidansa aka ƙwace yankunansa, domin komai a wuyansa shi kaɗai yake rataye. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga iyayenmu, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ku kuka zo garuruwan nan da jaka ɗaya, kuka kwana a tasha da barandar masallaci, kuka kafa mana wurin zama. Ba wanda zai goge wannan. Abin da muke roƙo shi ne ku zaɓi saurayi ko da ɗaya ne, ku ɗora masa malafar tun kuna da ƙarfin gyara masa in ya karkace. Ga samarinmu kuma, in kuna son kujera, ku fara da aiki. Ku zo taro, ku biya kuɗin wata, ku raka gawa, ku je asibiti duba ɗan uwan da ba shi da kowa a gari. Shi ma gwanin naku sai da aka ga abin da ya yi wa mutane kafin aka kira shi sarki.

Ɗana ya ce bai taɓa ganin Shanks a zango ba. Ni na gani. Wani dattijo mai sayar da goro, Allah Ya jiƙansa, shi ya biya mini kuɗin rajistar difloma a lokacin da mahaifina ba shi da hali, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa aikena ko sayen kati ba. Irinsu suna nan a cikinmu, ba su dai cika zama a kujerar gaba ba ne. Na ba ɗana labarinsa a daren, ya yi shiru, sannan ya ce, “To Baba, kai wa ka ba taka malafar?” Har yanzu ban ba shi amsa ba.

Wanda ke da ra'ayi saɓanin nawa, ƙofa a buɗe take, a rubuto cikin mutunci ba tare da kama sunan kowa ba. Allah Ya haɗa kanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya